Ƙofar da Ke Cikin Ƙirjin Babana

Shekara goma sha ɗaya babana bai ci abinci a zaune ba.
Anísio, mai gyaran shinge a gonakin shanun Mambaí,
yakan kai loma, ya miƙe,
ya ɗaga haɓa sama kamar kaza ta kurɓi ruwa,
ya doki ƙirji sau uku,
ya yi ɗage, ya dira a kan dugadugansa.
Mu kuwa sai mu zura wa kwanukanmu ido
kamar an yi rubutu a cikin waken.

Butar ruwa na hannun damansa.
Loma ɗaya, kofi biyu.
Da dare abin da ya ƙi wucewa ya dawo kan matashi,
innata ta wanke kafin gari ya waye,
ba ta taɓa cewa uffan ba.
Ya daina zuwa biki.
Ɗamararsa ta ga sabon huji har huɗu,
shi ya huda su da ƙusar aikinsa.

A Goiânia, Likita Iolanda ta ɗaga hoton ga haske.
Ga maƙoshinsa ya buɗe kamar tsohuwar safa,
can ƙasa ya tsuke, sai ka ce bakin tsuntsu.
Ta ce, ƙwaron nan na tsagar bangon laka
da ya cije ka kana yaro kana barci,
baƙo ya bar maka a jini.
Baƙon ya cinye jijiyar da ke ce wa ƙofa "buɗe".
Ƙofar ba ta ƙi ka ba, saƙo ne ba ya isa.

Ba za a tsaga ka ba, in ji ta.
Ta baki za mu shiga, ta hanyar da tuwon masara ya kasa.
Bututu ne, kaurin ɗan yatsa,
da ido a kansa, da fitila.
Mu ɗan ɓula shimfiɗar ciki,
mu bi tsakanin bango da yaɓe kamar gara,
mu yanke zoben naman da ya ɗaure,
mu fito, mu maƙale ɓular.
Babana ya juya hularsa a gwiwa, ya ce,
"Rayuwata kaf ina ɗaure waya,
yau ga wata za ta kwance tawa."

Awa biyu na ƙirga tayil ɗin baranda.
Ɗari uku da sittin da ɗaya. Guda ya fashe.

Rana ta biyu aka ba shi ruwa a cokali.
Ya haɗiye, ya jira yaƙin da ya saba.
Shiru.
Ya dafa ƙirji, ya dube ni a tsorace:
"Zuleide, ina ya tafi?"

Kada a ce labarin ya ƙare da guɗa.
Ƙofar da ta ƙi buɗuwa, yanzu ba ta rufuwa sosai.
Ƙwannafi na hawowa da tsakar dare
kamar an zuba garwashi a rijiya.
Ƙwaya ɗaya kafin karin kumallo,
bulo biyu ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai,
gahawar yamma kuma an sallame ta.
Duk shekara fitilar nan za ta sake leƙawa.
Zuciyarsa ma ana sa mata ido, baƙon bai tashi ba.

Amma ranar Lahadi na gan shi.
Shinkafa, wake, garin rogo da aka soya da albasa,
yana zaune, yana musu da ƙanena kan farashin maruƙa,
bakinsa cike.
Butar na nan a hannun dama, innata ba ta iya dainawa ba.
Har aka kwashe kwanuka
babu wanda ya taɓa ta sai ƙuda.